Garin da Issufu ya bari cikin rumbu

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Issufu. Ni na tsaya gona a Filinge bayan ɗan karatun boko da na taɓa a lakkwal, shi ya wuce Yamai, ya wuce gaba, ya ƙare yana binciken wani gari da ƙwayarsa ta fi ƙarfin ido.

Zuwansa na ƙarshe, da rana tsaka ya ja ni cikin rumbun hatsi, ya sa aka rufe bakin. Ya fito da 'yar kwalba mai farin gari a ciki, da wata fitila irin wadda 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita. Yana haskawa, farin garin nan ya kama haske ruwan lemo. Na ce, “Issufu, aljannu ka kawo min cikin abincina?” Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Yaya, ka san kanwa cikin kunu? Ɗan kaɗan aka sa, launi ya juya. Haka muka saka wani ƙarfe kaɗan cikin ginin ƙwayar, shi ad da wannan haske.” A nan ya manta kwalbar. Ban taɓa fitar da ita ba.

Yau fitilun hasken rana sun cika kasuwarmu, har Damana da Abala. Nakan ce da yana nan, da ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya ga cikinsu.

Ɗiyarsa Hadiza tana ƙarama ya tafi. Bana da za ta shiga jami'a ta ce min, “Baba, ko muryarshi ban riƙe ba.” Maganar ta tsaya min a rai. Na aro irin fitilar nan wajen mai shago, muka shiga rumbu. In garin ya mutu, ba ni da sauran abin ubanta da zan ba ta.

Na haska kwalbar, garin ya kama. Bai kai na da ba, amma ya kama.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Mi ya sa ruwan lemo?” Na ba ta zancen kanwa yadda na ji shi, har da dariyar. Ta ce in sake. Na sake.

Da kwalbar a hannu ta hau motar Yamai. Allah Ya haskaka kabarinka, Issufu.