Kan da Jatau Bai Aske Ba

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Tottenham ya san Baba Awal wanzami. Shi ne dogon dattijon nan mai kai da kawowa a ƙofar shago, hula a ƙeya, kamar wanda mota ta yi wa latti. Shayi a tsaye yake sha, waya a tafe yake amsawa, in ba salla ba gwiwarsa ba ta lanƙwashewa. Sai kuma abin da ya fi ba mutane dariya: mutumin da ya aske rabin Hausawan London bai taɓa bari wani ya taɓa nasa kan ba. Duk safiyar Juma'a zai kafa madubi gaba da baya ya yi wa kansa ƙwal-kwabo, ko da zai yanke. Abokin aikinsa Abdul-Basit, ɗan zangon Kumasi, ya yi roƙo har ya gaji.

Abin yana da asali. An haife shi a 1941, a wani ƙauye arewa da Daura, dab da iyakar Nijar, wadda a lokacin ake ce wa ƙasar Faransa. Washegarin haihuwarsa ubansa, Jatau wanzami, ya rataya zabira ya fita, kuma fitar ke nan. Ranar suna aka yi ta jira har rana ta take, sannan aka aika ƙauyen gaba aka ɗauko wani wanzami. Ɗan wanzami guda, amma baƙo ne ya yi masa askin suna! Mutanen ƙauye kuwa ba su iya mantuwa ba. Suka ce Jatau ya bi wata mace Damagaram, yara suka laƙaba wa ɗansa Askin-Aro. Uwarsa Ajara har ta rasu tana cewa mijinta ba zai yi haka ba, shi kuwa Awal bai taɓa yarda da ita ba. Ya tsani mutumin, kuma kullum yana son ya san dalilinsa.

Ya koyi aska wurin baffansa. Da ya tasa ya bi wani ma'aikacin gwamnati zuwa London a matsayin mai aikin gida, ya yi shekaru a kamfanin mota a Dagenham, daga baya ya koma sana'ar gado. Ya tsallaka teku, amma sunan nan ya biyo shi a cikin kunne.

Yana da shekara saba'in da biyar wani ɗalibin tarihi ya zauna a kujerarsa yana ta zuba. Ya ce a lokacin yaƙin duniya na biyu, da Faransawan Nijar suka raba gari da Ingilishi, Turawan Ingilishi da ke iyaka sun riƙa tura fatake da mabarata da wanzamai su tsallaka su leƙo musu asiri, kuma takardun suna nan a Kew, a gidan ajiyar tsofaffin fayiloli. Baba Awal ya tsaya da inji a hannu, ya bar yaron da rabin kai.

Tun daga nan kowace Talata sai ya kama jirgin ƙasa zuwa Kew. Ku dubi azaba: wanda bai iya zama ba, an kai shi ɗakin da ba a yin komai sai zama. Zai karanta layi uku da yatsa, ya miƙe ya zaga, ya dawo. Turancinsa na baki ne, na takarda kuwa da ƙyar yake ja. Ga shi Turawan ba sa rubuta sunan ɗan leƙen asiri, sai dai Lamba Uku, Lamba Shida. Shekara biyu yana wannan jeka-ka-dawo, sai ya ci karo da Lamba Tara, wanzami, daga ƙauyensu.

Talata mai zuwa ya sa 'yarsa Sadia ta ɗauki hutu a asibitin da take aiki ta raka shi. A London aka haife ta, Hausarta gutsi-gutsi ce.

"Baba, please ka zauna, mutane suna kallo," ta ce a hankali.

"Ke dai karanta."

Ta riƙa karantawa tana juya masa. A wata tafiya da ya yi can baya, Lamba Tara ya aske sojoji arba'in da uku a barikin Faransawa da ke Magarya, bakwai cikinsu ba su da lafiya. Manyan motoci biyar suna tsaye babu mai. Gero ya yi tsada, Faransawa suna sayen raƙuma da tilas. Ashe aska ce ta shigar da shi inda ɗan leƙen asiri ba zai shiga ba, domin mutum in ana aske shi bakinsa ba ya shiru. Baba Awal yana ji yana murza hula. Wannan duk ba shi ya kawo shi ba.

Sadia ta juya shafi, sai ta ɗago ta dube shi.

"Mene ne?"

"Baba, the date. Watan da aka haife ka ne."

Baturen gunduma ya rubuta cewa Lamba Tara ya ƙi tafiya, wai matarsa ta haihu jiya, kuma shi zai yi wa yaron aski ranar suna. Baturen ya matsa masa, ya ce kwana huɗu ne kacal. Mutumin ya yarda, da sharaɗin a aika gidansa a ce kada wanda ya taɓa kan yaron har ya dawo. "Ban aika ba," in ji Baturen, "domin saƙon zai tona aikin." A ƙasa akwai layi ɗaya da wani alƙalami: an kama shi a kasuwa yana shirin komowa, ba a sake jin labarinsa ba.

"Sake karanta sharaɗin," in ji Baba Awal. Ta sake. Ya ce ta ƙara, ta ƙara.

Baƙin ciki ya kama shi, da kunyar Ajara wadda ya ƙaryata har kabari, ga kuma wani sanyi a ƙirji da bai san shi ba. Suka kama hanyar komawa. Yana riƙe da ƙarfen jirgi a tsaye, alhali ga kujeru nan fayau.

Da suka isa shago Abdul-Basit yana share gashi. Baba Awal ya cire hula ya miƙa wa Sadia, ya taka ya zauna a kujerar aski.

"Baaba, lafiya? Jiki ba daɗi ne? In yi calling ambulance?"

"Ɗauko aska, ba inji ba," ya ce. "Ubana ya ce a jira shi. Saƙon ya iso yau, shi kuwa ba zai iso ba. Ka yi mini a madadinsa."

Abdul-Basit ya dubi Sadia, ta gyaɗa masa kai. Ya jiƙa tawul, ya shafa sabulu, ya yi bisimilla. Baba Awal ya rufe ido, bai motsa ba har aka gama.