Cha'ibu Mahauci da Kalmomin Likita

A Matameye, in uwar gida ta aiki yaro sayen nama, takan ce masa, "Wurin Cha'ibu, ka ji ko? Kada ka kwaso mini tsakuwar ƙashi." Teburinsa na bayan tasha, inda motocin Damagaram ke lodi. Fawa gadonta ya yi. Da ƙuruciya ya sha zuwa cirani Kano yana gashin balangu, da gemu ya fara furfura sai ya zauna gida. Abin da ya raba shi da sauran mahauta, shi ba ya son gatari. Su sara suke, ƙashi yana tarwatsewa. Shi kuwa sai ya lalubi gaɓa da babban yatsa, ya sa bakin wuƙa, cinya ta rabu salin alin.

Cikin ƴaƴansa, Basira ce kaɗai ta daɗe a lakwal, wato boko, har ta shiga makarantar koyon aikin jinya a Damagaram. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Inna yake kiranta. Ran nan da la'asar ya dawo gida, sai ya tarar da katifarta a naɗe a tsakar gida. Mai zuwa hutu ba ya ɗauko katifa.

Matarsa Saratu ta tare shi a bakin madafa. "Malam, ƴarka ta faɗi jarrabawa. An ba ta damar sakewa, ta ce ita ta gama."

Cha'ibu ya wuce ɗaki. Washegari, maimakon ya sayar da kayan cikin rago, sai ya zubo su a tire ya kawo gida, ya dire gaban Basira.

"Inna, taya ni wanki."

Tana wanke hanji tana kumbure-kumbure. Can ya ce, "Wai mene ne ya kayar da ke?"

"Sunayen cuta da Faransanci, Baba. Kowace kalma tsawonta kamar igiyar guga. Na haddace da safe, kafin azahar ta gudu."

"Faɗi ɗaya in ji."

"Gastro'anterit."

"Kai! Wannan ai ba ta haɗiyuwa ɗungum. Ina gaɓarta?"

Basira ta ɗago kai. "Haka mushenmu mai koya mana ya ce, wai guntu-guntu ne aka harhaɗa. Ni dai a allo duk kamarsu ɗaya."

"To yanka mini."

Ta ce, "Gastro, tumbi ne."

Ya ɗago tumbi yana ɗigar ruwa, ya aza mata a tafin hannu.

"Anter, hanji. It ɗin ƙarshe kuma kumburi."

Ya ɗora mata hanjin bisa tumbin. "Kumburin tumbi da hanji. Shi ke nan abin da ya koro ki da katifa?"

Saratu ta tuntsire da dariya daga madafa. Basira ta so ta ɓata rai, abin ya ƙi.

Tun daga ranar, kullum Cha'ibu sai ya rage wani abu a tebur ya kai gida. Yau hanta, ita ce epat. Gobe ƙoda, nefr. Ya tsaga mata zuciya ta ga ɗakunanta, ya hura huhu da baki ta ga yadda yake tashi. Shi bai iya riƙe Faransancin ba, yakan juya shi yadda harshensa ya ga dama, ita ce mai gyara masa, garin gyaran kuma abin ya zauna mata. Da ta gaya masa ektomi na nufin a yanke a cire, sai ya ajiye wuƙa.

"Ashe likitocin nan abokan sana'a ne! Farar riga kawai suka fi ni."

Sallau, maƙwabcinsa a layin mahauta, ya sa shi gaba da tsiya. "Dakta Cha'ibu! Yau wace hanta za a kai lakwal? Mu dai gidanmu miya ake yi da ita."

"Naka ƴaƴan ai ko miyar ba su gane ba," in ji Cha'ibu.

Bai taɓa ce wa Basira ta koma makaranta ba. Ita ce da kanta, wata safiya yana wasa wuƙa, ta tsaya bayansa ta ce, "Baba, in na sake faɗuwa fa?"

"Sai ki dawo, gidan ubanki ne. Amma ki faɗi a can, kada ki faɗi a nan zaune."

Ta koma Damagaram.

Ranar da sakamako ya fito ta dace da ranar kasuwa, mutanen ƙauyukan Yauri da Dawce sun cika gaban tebur. Wayarsa ta yi ƙara cikin aljihu, hannuwansa kuwa jina-jina. Sallau ne ya zaro ta ya kara masa a kunne.

"Baba, na haye!"

Cha'ibu ya kau da kai yana goge ido da kafaɗa. Sallau ya janye wayar ya kai nasa kunnen. "Basira, babanki dai ga shi nan yana kuka gaban masu saye."

"Ƙarya yake, Inna, hayaƙin tsire ne!" Ya goge hannu a riga. "Sallau, riƙe mini tebur, in je in gaya wa uwarta."