Jirgin da Na Kushe a Gefen Guci

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da wani aminina dillalin shanu, a tsohuwar motata wadda sai an lallashe ta take tashi. Uwargida ta rako ni har zaure, ba ta ce komai ba sai "Allah ya kiyaye hanya", amma yadda ta faɗe shi na san akwai saura. Wata biyu muna ja-in-ja a kan kuɗin retret ɗina, wato na sallama daga aiki, don ni jirgin sama nake so in saya da su. E, jirgin sama. Ku yi dariyarku ku gama, ƴaƴana sun riga ku.

Bari in warware muku. Shekara talatin na yi ina aikin duba yanayi a filin jirgi. Ina saurayi na koyi tuƙin ƙaramin jirgi a Yamai har na sami permi, wato takardar izinin tuƙi, sai aure da ƴaƴa suka zo, permin ya mutu a cikin akwati. Tun daga nan aikina shi ne in gaya wa matuƙa inda iska ta dosa, su tashi su bar ni a ƙasa. Kwatsam wani mai sayen wake ya nuna mini hoto a waya: ƙaramin jirgi mai kujera biyu, irin na feshin fara na zamanin da, ajiye a wani ƙauye gefen Guci. Mai shi tsohon makanike ne da ya yi aiki da jirgin, da feshi ya ƙare aka yi gwanjo ya saye shi. Yanzu ya tsufa, an ce yana neman wanda zai karɓa. Ni ba haya zan yi da shi ba. In tashi da hantsi, in zaga saman gonaki, in sauka in sha shayi, iyakar burina ke nan.

Gudron Magariya, wato titin kwalta, da sauƙi, sai dai ramuka jefi-jefi da suke sa mutum salati ba shiri. Kaka ce, ko'ina amalanken shanu ɗauke da dammunan gero da harawa. A Bande muka sayi rake, abokina ya yi minti goma yana cinikin sanda biyu, ya rage dala biyar, ya dawo mota yana murmushi kamar ya ci riba a kan bijimi. A tashar Magariya muka karya da ƙosai na dala arba'in da kunun tsamiya, muka ƙara mai na kwalba. Nan abokina ya fara yi mini karatun ciniki. In abin ya yi mini, in ɗaure fuska. In fara da aibinsa. In mai shi ya ce albarka, in juya in kama hanya, shi da kansa zai kira ni. Na ce masa ya hutar da bakinsa, ragon layya nawa na saya a rayuwata? Wannan karatun kowane Bahaushe ya haddace shi tun yana bin uwarsa kasuwa.

Daga Magariya muka bi ta Dantchiao, hanya ta fara nuna hali. Mun isa Dungas ranar kasuwa, ƴan kabu-kabu sun cika gari, buhunan gyaɗa da wake jibge har bakin hanya. Muka ci tsire a tsaye, yaji ya fi naman yawa. A Guci muka ajiye mota, don daga nan yashi ne zalla. Babban ɗan tsohon, magidanci mai sana'ar kabu-kabu, ya zo da moto biyu, wato babur, shi da abokin aikinsa, suka ɗauke mu. Abokina mutum ne mai jiki, sau biyu moto yana zubar da shi a yashi, sau biyu yana tashi yana cewa direban ne bai iya ba.

Bayan azahar muka isa. Aka kawo fura mai sanyi, muka gaisa da tsohon. Siririn mutum ne, yanar ido ta fara rufe masa gani, amma hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Ya ja mu bayan gida, inda ya yi wa jirgin rumfar azara da zana, wadda ta fi ɗakin kwanansa girma. Maƙwabta suka biyo mu, wajen mutum goma, suka tsaya bakin rumfa. Shi da kansa ya yaye tamfol, bai bar kowa ya taya shi ba.

Jama'a, ga jirgi! Ruwan ɗorawa ne launinsa, fes kamar an wanke shi da safen nan. Fukafukan da yadi aka lulluɓe su, irin ƙirar da, duk inda ya yage an ɗinke shi da ɗinki ƙanana-ƙanana. Ya ɗora shi a kan kututture don kada tayoyi su ruɓe. Duk wata kafa ya toshe ta da tsumma saboda zanzaro. Ɗan ya ce kowace Juma'a in an sauko masallaci Baba yana juya farfela da hannu don kada inji ya sandare. Takardun jirgin kuwa suna cikin gafaka, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Na san akwai aiki kafin ya tashi, akwai injiniya, akwai yawon ofis-ofis, akwai sabunta permi. Amma a tsaye a nan na yanke shawara: zan saya, ko nawa ne.

Tsohon ya buɗe ƙofar jirgin, ya goge kujerar gaba da hannun rigarsa, ya ja gefe yana kallona. Daidai nan abokina ya taka mini ƙafa. Ba zan ɗora masa laifi ba, ni ma a raina cewa na yi dabarar mai sayarwa ce, in na zauna na kamu. Sai na mai da hannuwana baya, na ɗaure fuska, na fara. Na ce yadin nan ya gama ruɓewa. Na ce tayoyi sun mutu. Na ce injin da ya kwana shekaru haka ai ƙarfe ne kawai. Baki ya yi mini daɗi, na ƙara da cewa, "Baba, wannan ai sai dai a auna shi a kilo." Wasu daga cikin maƙwabta suka yi dariya. Sannan na taya, tayin da ko saniya biyu ba zai saya ba.

Tsohon bai yi gardama ba, bai yabi kayansa ba kamar yadda masu sayarwa suke yi. Ya rufe ƙofar a hankali, ya ce, "Albarka." Ya ja tamfol.

Muka yi sallama, muka kama hanya a ƙafa, muna tafiya kamar masu ciwon baya don a sami damar kiranmu. Abokina yana ta raɗa mini kada in waiwaya. Har muka kai kukar bakin gari ba wanda ya kira. Abokina ya ce tsohon gwani ne, a bar shi ya kwana ya nuna. Muka sami moto zuwa Guci, muka ɗauki mota, muka koma Dungas muka sauka gidan wani abokin cinikinsa.

Da safe na koma ni kaɗai. Ɗan ya ɗauke ni daga Guci, da muka yi rabin hanya sai ya tsai da moto a inuwar wani gawo. Ya ce, "Alhaji, bari in gaya maka, don kada ka je ka ƙara." Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau uku daga tsallaken iyaka da kuɗi masu kauri, Baba ya kore su. Da ya ji mai zuwa daga Damagaram ya iya tuƙi, ya tara iyalinsa ya ce in mutumin ya shiga ya zauna ya kama sandar tuƙi, shi zai gane daga riƙon. In ya gane, a ba shi jirgin a kan duk abin da yake da shi, sharaɗi ɗaya ne kawai, ya ɗauke shi su tashi sau ɗaya. Duk shekarun da ya yi yana gyaran jirgin nan, bai taɓa hawa sama a cikinsa ba.

Na sami tsohon a zaure. Na durƙusa, ni da furfurata, na ce ƙarya na yi jiya, jirgin lafiyarsa lau, ban taɓa ganin riƙo irin nasa ba, ya faɗi kuɗinsa in biya. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Na yafe maka, Alhaji, ciniki ka yi. Amma shekara da shekaru mutanen garin nan suna ce mini mahaukaci mai kiwon ƙarfe. Ni kuma ina ce musu su jira, wata rana wanda ya san jirgi zai zo ya gaya musu. To, ka zo, ka gaya musu."

Na ce a tara su yanzu in janye maganata a gabansu. Ya girgiza kai, ya ce magana zarar bunu ce, cewa za su yi tausayin tsoho na ji. Ya ce ba ya sayarwa, ya sa aka ɗaura mini kaji biyu a moto, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. Kajin nan sun fi mini zagi ciwo. Ko rumfar ban sake gani ba.

A hanyar komowa, wajen Magariya abokina ya ce, "Ni fa shanu na sani." Na ce na sani. Mun shiga Damagaram daf da magariba. Uwargida ta dubi fuskata, ta karɓi kajin, ba ta tambaye ni komai ba, kuma na gode mata.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya yi tsada. Ba kowane mai cewa zai sayar ne ɗan kasuwa ba, wani magaji yake nema. Kafin ka kushe kaya, dubi hannun da ya riƙe su. Rashin jirgin yana damuna, ba zan ɓoye ba, amma ba shi ne yake cina ba. Bawan Allah ya jira shaida guda duk tsawon shekarun nan, kuma ni ne shaidar. Na zo, na ga gaskiya da idona, na yi masa shaidar zur a gaban maƙwabtansa don neman ragin da ya riga ya yi mini.