Layukan da Zailani Kaɗai Yake Gani

Shekara ashirin Zailani ya yi yana gyaran talabijin a wata rumfa a bakin kasuwar Rano, kuma idonsa ne ya yi masa suna. Tsakanin baƙi da fari, inda kowa ke ganin toka-toka kawai, shi hawa-hawa yake gani. Da ya ɗan murɗa wani abu a bayan akwati, sai fuskar mai karanta labarai ta fito daga duhu har ka ga tsagar kumatunsa. Yana ji da kansa a kan wannan, ba ya ko ɓoyewa.

Bayan Shari'a ta kankama, gidajen kallo da dama suka bar fim suka koma ƙwallo. Alhaji Ramalan, mai gidan kallo a Kibiya, ya sayo sabuwar talabijin shafal kamar faifai, wadda ake kira filasma, ya kira Zailani ya kafa masa.

Hoto a tsaye tas yake. Amma da ɗan wasa ya zura da gudu, sai Zailani ya ga siraran layuka, ja da kore, suna bin goshin ɗan wasan.

"Alhaji, wannan tana da ciwo."

"Malam Zailani, mutum sittin ne a nan, babu wanda ya ga komai. Ka bar ta."

Ina zai bari. Ya yi ta naci har Alhaji ya gaji ya ce ya duba. Da ya buɗe bayanta bai sami abin murɗawa ko ɗaya ba. Ya taɓa nan ya taɓa can da ƙarfen narka dalma, gilashin ya yi baƙi ƙirin, bai sake kamawa ba.

Da Zailani ya kai ta Kano, dillalin da ya sayar da ita ya ce ta mutu, ya kuma yi masa bayani. Kowane ɗigo a gilashin kunnuwa yake yana mutuwa da sauri, ido ne ke haɗa ƙyaftawar ta zama haske ko duhu. In abu ya motsa, haɗin yakan ɗan goce. Haka aka ƙera su duka.

Labari ya riga shi isa gida. Daga Kibiya har Lausu babu wanda ya ƙara kawo masa ko rediyo. Ya rufe rumfa ya koma noma a Saji, da baƙin cikin da bai taɓa sakinsa ba.

Wata la'asar ya bi ta ƙofar gidan kallon. An kafa wata sabuwa, layukan kuwa suna nan.

Wani ɗan kallo ya ce cikin zolaya, "Malam, ya ka ga wannan?"

Zailani ya daɗe yana kallonta.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi.