Ranar da Odiel Ya Waiwaya

A garin Wulverbeke, in ana son a yabi mutum da riƙon amana, sai a ce ya yi halin Odiel. In ana son a ce mutum ba shi da daɗin zama, nan ma Odiel ɗin ake ambata. Shi kuwa Odiel Craeye bai taɓa nuna ya san da ko ɗaya ba.

Shekara talatin da takwas ya yi yana raba wasiƙu a kan keken gidan waya, da irin saurin da agwagwa ma sai ta tsaya ta jira shi. Amma ba da wasiƙu aka san shi ba, da mararrabar bayan coci aka san shi. Duk Lahadin farko ta watan Satumba, ranar tseren keken gari, sai ya sa rigarsa ruwan ɗorawa, ya rataya usur, ya ɗauki faifan nan mai ja da fari da ake tsayar da motoci da shi, ya je ya kafe a wurin. Dokar aikin ɗaya ce tak: mai tsaron mararraba titi yake kallo, ba 'yan tsere ba. Fuska ga motoci, ƙeya ga kekuna. Wanda ya waiwaya ya ajiye faifai. Kowa ya san dokar, kowa kuma yana satar kallon tseren a ɓoye, ban da Odiel. Tsere arba'in ya tsare, kowanne zagaye goma sha biyu, bai taɓa ganin ko taya ba. Iska kawai yake ji ta wuce ta bayan wuyansa.

Matarsa Godelieve ce idonsa. Takan kawo kujerarta ta naɗi ta zauna kusa da shi, ita tana kallon gabas shi yana kallon yamma, tana ba shi labari.

"Mai shuɗiyar riga ne a gaba," takan ce. "Amma ya gaji, bakinsa a buɗe. Ɗan gidan mahauci kuwa na ƙarshe ne, kamar ubansa a zuwa coci."

"Uhum," in ji Odiel.

"Duk ƙasar nan kai kaɗai ne kake zuwa kallon tsere da ƙeya."

"Uhum."

Da ya cika shekara arba'in a mararrabar, kulob ɗin keke ya ba shi allon tagulla da aka zana masa: BAI TAƁA WAIWAYAWA BA. Godelieve ta rataye shi a saman kabad ɗin kwanuka, ta ce yanzu sai ya riƙa ba shi baya shi ma. A hunturun da ya biyo ta rasu. Odiel ya naɗe kujerar ya jingina ta bayan ƙofa, ya ci gaba da dafa dankalin mutum biyu har tsawon wata uku kafin hannunsa ya koyi ragewa.

Shekarar da ta biyo baya ce Joren Baeke ya ce zai zo gida ya yi tseren garinsu. Joren ba ya bukatar gabatarwa ko a wajen jariri. Ya ci manyan tsere a Faransa da Italiya, hotonsa yana tagar mahauci, da tagar mai aski, da bangon makaranta, har mai burodi ya sa wa wani kek sunansa. Mutanen da ba su taɓa gaishe shi yana ƙarami ba duk sun tuna cewa su suka koya masa hawa keke. Kawunsa Remi Baeke shi ne shugaban kulob, shi ke raba mararraba.

A zagaye na bakwai Odiel ya ji ihu yana tahowa daga gangaren coci, ana kiran sunan Joren kamar za a tsage maƙogwaro. Ya saurara ta gefen hagu, inda aka saba gaya masa wanda ke gaba, sai ya ji shiru. Kewar matarsa ta taso masa lokaci ɗaya. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ya waiwaya.

Da ya waiwaya, hannun da ke riƙe da faifan ya sauka. Wani baƙon direba a farar motar kaya, wanda ya gaji da jira, ya ɗauka an ba shi hanya, ya turo hancin motar cikin mararraba. Joren ya kauce, keken ya zame a kan duwatsun titi, ya yi ƙasa. Ya miƙe jini na zuba a gwiwar hannunsa, ya duba, rigar ɗorawar da ta fi kusa da shi ita ce ta Machteld Vroman, mai dafa abinci a makarantar firamare, wadda ke tsaron ɗaya ɓangaren. Jin faɗuwar ne ya sa ta rugo ta taimaka. Joren ya ɗauke ta da mari. Tabaraunta ya faɗa cikin kwata. Ya hau kekensa ya tafi, ya kuma ci tseren. Direban ya ja da baya ya ɓace, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Mutum sittin ne a mararrabar. Da aka zo bincike, sai ya zamana dukansu a daidai lokacin suna ɗaure igiyar takalmi.

Machteld ta kai ƙara hukumar tseren keke. Shekararta ashirin da biyu a garin, amma daga ƙauyen da ke hayin kogi ta zo, don haka har yanzu baƙuwa ce. Joren ya ce wa jaridu ya ɗaga hannu ne don ya tsaya da ƙafarsa, fuskarta ce ta zo wurin. Gari ya karɓi wannan bayani hannu bibbiyu. A gidan giya na Marcel, inda tsofaffi ke karta bayan an taso daga coci, aka yanke hukunci tun kafin a raba katin farko.

"Yaron nan ko ƙuda ba ya iya kashewa."

"Ai matar nan suna take nema. Ka ga hotonta a jarida? Har gashi ta gyara."

"Ni dai ban ga komai ba, amma abin da ban gani ba ɗin, ba mari ba ne."

"Odiel, kai fa? Kai ne a kusa."

"Haba, ku ƙyale shi," in ji Marcel. "Wannan ko ƙararrawar coci ta faɗo a bayansa sai dai ya karanta a jarida."

Aka kwashe da dariya. Odiel ya kalli katinsa. Babu wanda ya ga ya waiwaya, don duk idanu suna kan Joren. Ita kanta Machteld ba ta gani ba, domin a ranar ta bi doka, titinta take kallo. Ya riƙa haɗuwa da ita a gidan burodi, inda ake miƙa mata na jiya ba tare da an kalle ta ba. Takan ce masa, "Ina kwana, Baba Odiel," da tabarau ɗaure da zare. Yakan amsa, kunya tana cin sa har cikin ƙashi.

Ana saura kwana biyu kwamitin ladabtarwa ya zauna, Remi ya zo gidansa da hantsi, ya ƙi zama, ya ƙi kofi, ya tsaya yana juya hularsa.

"Lauyan yaron ya sa sunanka cikin shaidu."

"Na ga takardar."

"Ba wani abu ba ne. Ka faɗa musu abin da ka saba."

"Me na saba?"

"Haba Odiel. Ba ka gani ba." Remi ya nuna allon tagullar da haɓa. "Ya ce ka taho da wancan. Alƙalan birni suna son abin da za su taɓa da hannu. In mutum mafi kusa bai ji ƙarar mari ba, magana ta ƙare. Baɗi kuma mararrabarka tana nan, har ka mutu a kanta."

"Na gode," in ji Odiel, don bai san abin da ake cewa ba in an yi wa mutum irin wannan albishir.

Ranar zaman ya sa kwat ɗin da ya sa ranar binne matarsa, ya naɗe allon a tawul ɗin kicin, ya hau jirgin ƙasa na ƙarfe takwas zuwa birni. Ɗakin yana hawa na uku, da dogon tebur, da mutum uku a bayansa, ta tsakiya wata dattijuwa mai furfura da ta taɓa zama alƙali. Joren yana gefe cikin farar riga, ya fi ƙanƙanta a kan yadda yake a tagar mahauci. Machteld tana ɗaya gefen ita kaɗai, jakarta a cinya.

Lauyan Joren ya karɓi allon, ya ɗaga shi sama, ya karanta da ƙarfi, ya zagaya da shi kamar mai tallan faranti.

"Baba, shekara nawa kuka yi a mararrabar nan?"

"Arba'in da ɗaya."

"Ina kuke kallo in ana tsere?"

"Titi."

"Madalla. A duk tsawon shekarun nan, kun taɓa waiwayawa?"

"Sau ɗaya."

Lauyan ya riga ya buɗe baki don tambaya ta gaba. Ya rufe.

"Yaushe?" in ji dattijuwar.

"Zagaye na bakwai, ranki ya daɗe."

Sai ya ba su labarin yadda yake ba da rahoton wasiƙar da ruwa ya jiƙa, ba ƙari ba ragi. Ya ce ya waiwaya, faifai ya sauka, mota ta shigo. Ya ce Joren ya faɗi ta gefen hagu, ya tashi, ya yi taku uku.

"Wanda nake karewa ya ce neman tsayuwa yake," in ji lauyan.

"A tsaye yake daram. Da hannun dama ya yi, buɗaɗɗe. Na raba wasiƙa a gidajen da ake mari, na san ƙararsa."

"Shekarunku nawa, Baba? Idonku kuwa…"

"Saba'in da huɗu. Idon bai sha wahala ba, ban taɓa kallon tsere da shi ba."

Ɗaya daga cikin alƙalan ya yi tari a hannunsa. Dattijuwar ta tambaye shi ko ya san abin da wannan magana za ta jawo masa a kulob. Ya ce ya sani, shi ya buga dokar a keken rubutu da hannunsa.

"To me ya sa kuka faɗa?"

Odiel ya ce, "Marin nawa ne, ranki ya daɗe. Ita ta karɓa."

Machteld ta cire tabarau ta shiga goge shi da gefen riga, ta daɗe tana gogewa. Joren ya kafa wa tebur ido, kunnuwansa sun yi ja.

An dakatar da Joren wata shida, aka kuma sa ya nemi gafara, lauyansa ya rubuta masa ita mai kyau. Kulob ya zauna ranar Alhamis, zaman bai kai minti goma ba. Remi ya karanta dokar, ya ce masu goyon bayan a karɓi faifan Odiel su ɗaga hannu. Hannu goma sha ɗaya suka tashi, na goma sha biyu na Odiel ne, domin doka ce. Ya miƙa faifan da usur. Allon kuwa babu wanda ya nema, shi ma bai san inda zai kai shi ba, sai ya mayar da shi saman kabad, ya juya rubutun ga bango.

A wajen Marcel ba wanda ya kore shi. Kujerarsa tana nan, giyarsa tana zuwa. Katin ne dai in an zo rabawa sai ya tsallake shi. Ya yi Lahadi huɗu yana zuwa, sannan ya daina. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma gaya wa kowa ba, don wadda ake gaya wa ba ta nan.

Da Satumba ta zagayo, Remi ya nemi mai tsaron mararrabar bayan coci, kowa ya ce yana da ciwon baya. Machteld ce kaɗai ta ɗaga hannu, dole aka ba ta. Joren ma ya dawo, gari ya fito da tutoci fiye da na bara.

Odiel ya ɗauko kujerar naɗi daga bayan ƙofa, ya kakkaɓe ta, ya tafi da ita. Mutane suka dare masa, suka bar masa fili fiye da yadda kujera ɗaya take bukata. Ya kafa ta a gefen hagun Machteld, ya zauna yana kallon gabas. Ita tana tsaye cikin rigar ɗorawa da sabon tabarau, faifansa a hannunta, fuskarta ga titi.

Ihu ya taso daga gangaren coci. Kekunan suka zo a dunƙule, suka wuce fuu, kafin ya gama gyara zama babu ko ɗaya. Ashe abin ke nan gaba ɗaya. Ya zauna yana kallon duwatsun titi, yana mamakin inda Godelieve take samo duk labarin nan.

"Baba Odiel," in ji Machteld, ba ta waiwaya ba. "Wa ke gaba?"

"Wanda ya mare ki."

Ta ƙara ɗaga faifan, wata mota ta ja birki.

"Ya gaji?"

"Bai gaji ba," in ji Odiel. Ya gyara murya, ya ɗan matso da kujerar. "Amma ɗan gidan mahauci na ƙarshe ne."