Ranar da aka kira ni ɓarawon yara

Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa barin duniya saboda ƙin sa riga ba. Wautata ce, kuma ni da ita mun daɗe muna tare.

Ku sababbin shiga, ku saurara. Lokacin ina shekarata ta biyu a aikin sa-kai na koyar da yaran tasha a Dutse, masu jari-bola da masu wankin mota, waɗanda rumfar tasha ce ɗakinsu. Ni ba malami ba ne. Aji biyu na yi a firamare, na ga allo ya fi ƙarfina, na bi babbar mota. Aikina tara yaran, tunda sun san ni. Malama Hadiza, shugabarmu, ita ke koyarwa. Dokarta uku ce: ka sa rigar shaida, ka sanar da sarkin tasha, kada ka fitar da yaro sai tana nan.

Wata Asabar da damina iska ta yaye rufin rumfarmu. Malama ta bugo ta ce a fasa karatu. Ni kuwa gwani, na ce bari in ba ta mamaki, in kai mata yaran har gida a Takur. Rigar na bar ta a rataye, don ruwan lemo ce, tana mai da ni kamar kabewa. Na ari adaidaita, na cusa yara, na raba musu alawa.

A wata unguwa da ba a san ni ba injin ya mutu. Ƙaraminsu, Iro, ya ga baƙon wuri, ya fashe da kuka a mai da shi. Na miƙa masa wata alawar. Wata mata a bakin famfo ta ƙwala ihu: "Ɓarawon yara!"

Kafin in buɗe baki an zagaye mu. Wani ya zare makulli, wani ƙato ya shaƙe ni. Wayata ta faɗa kwata.

"Baba, 'ya'yan waye?" in ji ƙaton.

"Karatu zan kai su."

"Kai malami ne?"

Tsoro ya sa na ce, "E."

"To karanta wancan." Ya nuna allon wani shago.

Na ƙura wa allo ido, baƙaƙe suka hau rawa. Harafin A kaɗai na gane, tsohon abokina. Na ji wani a baya yana cewa a kawo taya. Na fara kalmar shahada.

Sai Sale, babban yaran, mai jari-bola, ya sauko ya tsaya a gabana. Ya ɗaga yatsa yana haɗa baƙi da wasali yadda Malama ke yi: "A-na sa-yar da ma-ga-ni." Ya tsinci tsinke ya rubuta sunansa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sauran suka durƙusa, kowa ya rubuta nasa, har Iro, majina na zuba.

Wani dattijo ya ce a sake ni, a tafi wurin mai unguwa. Daga can aka aika tasha, aka samo Malama. Ta zo ta ba da haƙuri. A hanya ta ce, "Malam Ado, wata guda ba kai ba yara." Ban yi musu ba.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba a ganinta a goshi. Yaron da ke kwana a rumfa ba mai tambayarsa, amma ran da aka gan shi yana kuka a motarka, gari duka iyayensa ne. Ku sa rigarku, ko da kun koma kabewa.

Ran da na dawo, Sale ya matsa mini wuri a kan tabarma, ya faɗi maganar da har yau ban amsa ba:

"Baba Ado, kullum kai kake kawo mu, kullum a waje kake tsayawa. Kai wa zai kawo ka?"