Matar da Ta Buɗe Bakin Babanmu

Kafin ma'aikatan sashen gashin ƙashi su gama gaisawa da safe, ita ta riga ta goge madubinta. Dogon madubi ne a ɗakinta na ƙarshen baranda, ta manna masa jan zare a tsakiya daga sama har ƙasa. Kujeru biyu ne a gabansa, ɗaya tata, ɗaya ta majiyyaci. Sai ta jona butar ruwan zafi, ta jera tsummokaran gashi, ta leƙa waje ta kira na farko. Kowa a asibitin Anti Mai Madubi yake ce mata, har sunanta na gaskiya ya ɓace. A ƙarshen watan jiya ta yi ritaya.

Aikinta muƙamuƙi ne. Masu ciwo a gaban kunne, da waɗanda muƙamuƙinsu ke ƙara ƙas-ƙas in suna tauna, da waɗanda bakin ya ƙi buɗuwa, duk wurinta likitoci ke turo su. Ba allura, ba wuƙa, motsa gaɓar kawai take koyarwa. Ka ɗora harshe a saman baki bayan haƙoran gaba, ka buɗe a hankali, kana kallon haɓarka kada ta kauce wa jan zaren nan. Kuma ba ta barin mutum ya yi shi kaɗai, tare suke yi. Mai sharar sashen ta rantse min cewa ranar da ta fara leƙawa ta ga manya biyu suna wangale wa madubi baki kamar kifi, sai da ta ajiye tsintsiya ta fita ta yi dariyarta ta ƙoshi.

Ni ta dalilin Babanmu na san ta. Tela ne, kuma a layinsu ba wanda ya kai shi surutu da dariya. Sai ciwon nan ya kama shi. Cokali ma da ƙyar yake shiga bakinsa. Ya daina cin abinci tare da mu don kada jikoki su ga yana fama, ya koma ci a ɗaki, ƙofa a rufe. Hira ta zama "eh" da "a'a". Wallahi gidanmu ya yi tsit, kuma na tsorata, don na ga mutumin yana janyewa daga cikinmu muna kallo.

Likitan da ya duba shi ya tura mu wurin Anti. Baba ya shiga yana cin magani, wai shi da furfurarsa za a sa shi wasan yara gaban madubi. Ta bar shi ya gama ƙunƙuninsa, sannan ta zauna kusa da shi ta fara buɗe nata bakin. Kunya ta sa ya bi ta.

Sauƙi ya fara samuwa, amma da ya koma shago sai ciwon ya dawo sabo. A nan na ga irin aikinta. Ta ce ya zo mata da ɗinkin da yake yi, ya yi a gabanta. Baba ya zo da riga, ya zauna yana sa maɓalli. Kafin ka ce me, ya jera fil a gefen bakinsa ya danne da haƙori, ya gama ɗinkin ya kai zaren baki ya gatsa. Almakashi kuwa na cikin aljihunsa.

"Baba, tun yaushe bakin nan yake maka aikin almakashi?"

"Tun ina koyo, Likita. Haka maigidana ya yi."

"To yau ya ajiye aiki. Ci da magana kawai aka ɗauke shi yi."

Ta sa ƙanwata ta ɗinka masa ɗan matashin fil da zai ɗaura a wuyan hannu, almakashi kuma aka rataya masa a wuya da igiya. Abokan aikinsa suka yi ta tsokanarsa, shi kuma ya yi ta mita, amma ya bi. Safe da yamma yana gaban madubin Mama yana buɗe baki, jikoki a bayansa suna kwaikwayo. Wata rana da rana sai ga shi ya fito da kwanonsa ya zauna a tsakiyarmu. Mama ta tashi wai za ta ɗebo ruwa, alhali ga ruwa a gabanta.

Anti, ke ce mai zama a kujera kusa da marar lafiya. Ke ce ba ki tsaya ga inda ke ciwo ba, sai kin ga yadda mutum yake wuni. Wata nas ta ba ni labarin direban da kika gano yana maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, da ɗalibar da ke cije biro in jarrabawa ta matso. Ba wanda kika yi wa faɗa. Da wasa da dariya kika raba su da abin.

Ranar da aka yi mata taron sallama, aka ba Baba dama ya yi godiya a taƙaice. Ina! Ya faro tun daga ranar da aka kai shi koyon ɗinki. Mai gabatarwa ya miƙa hannu zai karɓi makirufo, Baba ya juya masa baya. Mama ta matsa kusa da Anti ta ce, "Ke kika buɗe, sai ki zo ki rufe."

Anti ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan kam ba a koya mata ba.

Ku matasan da kuka gaji ɗakin nan, ku riƙe kujera ta biyun. Ku zauna kusa da mutum, ku tambaye shi sana'arsa, kada ku ji kunyar wangale baki tare da shi. Ke kuma Anti, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi cikin lafiya. Mun gode ƙwarai. A gidanmu yanzu sai mun roƙi Baba ya yi shiru kafin mu ji labarai, kuma ko ya ƙi, ba mai jin haushi.